Wa Aka Tambaya, Kuma da Wace Kalma? Sharhi a Kan Binciken Hulɗar Jama'a da Ƴan Sanda

Gabatarwa

Na saba yin sharhi a kan ƙagaggun labarai da waƙoƙi, amma yau abin da na ɗora a faifai takardar tambayoyi ce. Na san wani zai ce me ya haɗa mai nazarin adabi da ƙididdiga. Abin da ya haɗa mu shi ne ita ma takardar tambayoyi mutum ne ya zauna ya rubuta ta. Shi ya zaɓi kalmomin, shi ya jera su, shi ya yanke wanda za a ba dama ya yi magana da wanda za a tsallake, kamar dai yadda marubuci yake yi da taurarin labarinsa. Idan marubucin labari ya yi kuskure, iyakarta mai karatu ya yi tsaki ya ajiye littafin. Kuskuren mai rubuta tambayoyi kuwa lamba yake zama, lambar ta shiga rahoto, rahoton ya hau teburin mai mulki, a yi doka da shi ko a ƙi yi.

Takardar da nake nufi ita ce ta binciken da gwamnatin Amurka take yi lokaci-lokaci, inda ake tambayar jama'a yadda suka kwashe da ƴan sanda, wanda ake taƙaita sunansa da PPCS. Abin da ya ja hankalina gare shi lamba ɗaya ce. Rahoton binciken 2018 ya ce a cikin mutanen da suka yi hulɗa da ƴan sanda a shekarar, kashi 2 cikin 100 ne kawai aka yi amfani da ƙarfi a kansu ko aka yi musu barazanar hakan. Rahoton ya fito ne a ƙarshen 2020, wato shekarar da duniya ta kalli ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa sama da minti tara a birnin Miniyafolis, har rai ya yi halinsa. Na daɗe ina jujjuya abubuwan nan biyu a raina. Lambar ba ƙarya ba ce, hoton ma ba ƙarya ba ne. To yaya aka yi ƙasa ɗaya ta ba da labari biyu? Neman amsar wannan ne ya sa na karanta binciken da idon mai sharhi.

Asalin binciken

A daren 3 ga Maris 1991 ƴan sandan birnin Los Anjalas suka yi wa wani baƙar fata mai suna Rodney King dukan kawo wuƙa a bakin titi. Wani mazaunin unguwar ya ɗauki abin da kyamarar bidiyo daga benensa, tashoshin talabijin suka watsa. A ranar 29 ga Afrilu 1992 kotu ta wanke ƴan sandan huɗu, gari ya kama da wuta, fiye da mutum 50 suka rasa rayukansu. Da ƙura ta lafa sai aka fara tambayar sau nawa irin wannan take faruwa a faɗin ƙasar, aka tarar babu mai amsa. Amurka tana da hukumomin ƴan sanda kusan 18,000, kowace da shugabanta da kundinta, kuma babu wanda ya wajabta musu kai rahoton duka ko harbi ga gwamnatin tarayya.

Saboda haka a cikin babbar dokar yaƙi da laifuffuka da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1994, aka saka wani sashe da ya umarci ministan shari'a ya riƙa tattara bayanai kan wuce gona da iri wajen amfani da ƙarfi. Ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'a ya yi gwajin farko a 1996, ya yi cikakken bincike a 1999, daga nan aka ci gaba da maimaitawa bayan kowace ƴan shekaru.

Yadda ake yin sa ba wuya a fahimta. Tun 1973 akwai wani babban bincike da ma'aikatan hukumar ƙidayar jama'a suke yi gida-gida, suna tambayar mutane ko an yi musu sata, ko fashi, ko duka, ko da ba su kai ƙara ba. A kan wannan ne aka goya tambayoyin ƴan sanda. Gidajen da ake shiga ba zaɓen son rai ba ne, ƙuri'a ce ta lissafi take fitar da su. Duk mai shekara 16 zuwa sama a gidan ana tambayarsa abin da ya faru tsakaninsa da ƴan sanda a cikin wata 12 da suka wuce. Kamar mai sayen gero ne da yake soka ƙarfe a buhu ya zaro ƴan ƙwayoyi, da su ya yi wa buhun duka hukunci.

Inda binciken ya yi rawar gani

Mai sharhi na gari ba ya fara suka sai ya ba aiki haƙƙinsa, kuma wannan aikin yana da haƙƙi babba.

Na farko, ya sauya mai ba da labari. Kafin zuwansa, kusan duk abin da aka sani game da dukan ƴan sanda daga kundin ƴan sandan yake fitowa, wato mai dukan shi ne marubucin labarin dukan. Wanda yake shakkar illar wannan ya tuna sanarwar farko da hukumar ƴan sandan Miniyafolis ta fitar ranar da Floyd ya mutu, 25 ga Mayu 2020. Sanarwar ta nuna cewa mutumin ya gamu da matsalar rashin lafiya ne a lokacin kamu, ba ta ambaci gwiwa ba ko da wasa. Ba don wata yarinya ƴar shekara 17, Darnella Frazier, ta tsaya ta ɗauka da wayarta ba, da wannan sanarwar ce tarihi. Binciken da ya ce a tafi gida a tambayi wanda abin ya shafa ya yi aiki da abin da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, tambayoyinsa ba sa yawo a sama. Ba a tsaya ga tambayar mutum ko an zalunce shi ba. Ana bin ayyukan ɗaya bayan ɗaya: an yi maka barazana, an sa maka ankwa, an ture ka ko an cafke ka, an buge ka ko an shure ka, an fesa maka barkonon tsohuwa, an ɗana maka na'urar lantarki, an nuna ka da bindiga? Bayan nan ne ake tambayar ko a ganinsa ƙarfin ya wajaba ko ya wuce kima. Wannan rubutu ne mai kyau, domin ya raba abin da ya faru da hukuncin da mutum ya yi wa abin.

Na uku, da yake ana maimaita shi da tambayoyi kusan iri ɗaya, ana iya kwatanta jinsi da jinsi. A 2018, cikin waɗanda suka yi hulɗa da ƴan sanda, kashi 2 na fararen fata ne suka ce an yi musu ƙarfi ko barazana, kashi 3 na ƴan asalin Latin Amurka, kashi 4 na baƙar fata. Ninkin ba ninki ke nan, kuma ofishin gwamnati ne ya rubuta da hannunsa. Wannan ya fi zanga-zanga wuyar musantawa.

Na huɗu, ya faɗi abin da masu sukar ƴan sanda ba su cika son ji ba. A 2018 mutanen da suka nemi ƴan sanda da kansu, don kai ƙara ko neman taimako, sun fi waɗanda ƴan sanda suka tare yawa, kuma mafi yawan tarewar ta direbobi ce a kan titi. Binciken da ke iya ba ɓangarori biyu haushi, alama ce ba a rubuta shi don faranta wa ɗaya ba.

Waɗanda ba su samu shiga labarin ba

Duk da haka, idan tsakuwa ta taru a gindin buhu, wanda ya soka ƙarfensa a sama zai rantse geron tas yake. Babbar matsalar binciken nan ita ce gida-gida ake yin sa, alhali waɗanda suka fi ɗanɗana hannun ƴan sanda su ne suka fi wuyar samu a gida.

Mamaci ba ya amsa tambaya. Daga 2015 zuwa 2024 jaridar Washington Post ta riƙa ƙirga mutanen da ƴan sandan Amurka suka harbe har lahira, kuma kowace shekara lissafin ya kai kusan dubu ko ya ɗara. Babu ko ɗayansu a cikin kashi 2 ɗin nan. A 2015 ɗin ne shugaban hukumar FBI na lokacin, James Comey, ya amince a bainar jama'a cewa abin kunya ne a ce jaridu sun fi gwamnati sanin adadin. Ko takardun shaidar mutuwa ba su tsira ba: wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2021 ya gano cewa fiye da rabin mace-macen da ƴan sanda suka haddasa daga 1980 zuwa 2018 an rubuta su da wani dalili daban a kundin ƙasa.

Ɗan kaso ma ba a zuwa wurinsa, ga shi Amurka tana tsare da mutum kusan miliyan biyu a gidajen yari. Wanda aka kama da ƙarfi a watan Maris, idan yana tsare lokacin da mai tambaya ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansu, labarinsa ya faɗi ƙasa. Haka marasa muhalli, waɗanda suka zarce rabin miliyan a kowane dare, kuma kullum suna ido da ido da ƴan sanda a kan titi. Haka yaran da ba su kai 16 ba. Tamir Rice, wanda ɗan sanda ya harbe a birnin Kilibland a Nuwamba 2014 yana wasa da bindigar roba, shekararsa 12. Ko da ya rayu, takardar ba ta da layin da za ta rubuta shi.

Girman wannan giɓi ya fito fili a 2008, lokacin da masani Matthew Hickman da abokan aikinsa biyu suka haɗa sakamakon binciken gida-gida da na wani bincike da aka yi wa ƴan kaso. Sun tarar idan dukkan hulɗa ake magana, ƙarfi ko barazanarsa bai kai kashi 2 ba, amma idan kamu ake magana, kusan ɗaya ne cikin biyar.

Akwai kuma batun abin da aka raba lambar da shi. Mutum miliyan 61 da rabi ne suka yi hulɗa da ƴan sanda a 2018, kuma a cikinsu har da tsohuwar da ta kira don an sace mata keke, da wanda ya tsaya ba da shaida a wurin haɗarin mota. Idan aka zuba waɗannan a kwano ɗaya da saurayin da aka tare da tsakar dare, dole kason ya yi ƙasa. Sannan shi kansa kashi 2 ɗin, idan aka mayar da shi mutane, ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ya fi yawan mutanen Yamai gaba ɗaya a ƙidayar 2012.

Adalci ne in ce ofishin bai ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya bayyana su a sashen hanyoyin bincike da ke ƙarshen rahoto, kuma ya kawo wasu teburan da suka ware hulɗar da ƴan sanda suka fara. Sai dai lamba tana da ƙafa, sashen ƙarshe ba shi da ita. "Kashi 2" ne yake fita ya shiga bakin ɗan siyasa da mai muhawara a talabijin, gargaɗin ya zauna a shafin da ba mai buɗewa. Marubucin da ya san yadda ake karanta shi, ya kuma ajiye maganar da ta fi muhimmanci a inda ido ba ya kaiwa, yana da nasa kason na laifi.

Kalmar "ƙarfi" a bakin Bahaushe

Da na gama karatun sai na yi wani ɗan gwaji a gida, don in ga yadda tambayoyin za su zauna a harshenmu. Ina da ƙane ɗan kabu-kabu, wanda wuninsa duka a kan titi yake. Bayan cin tuwon dare na ɗauko takarda na ce masa, "A cikin wata goma sha biyun nan da suka wuce, wani mai kaki ya taɓa yin amfani da ƙarfi a kanka?"

Ya ce, "A'a, Yaya. Ni ai ba na rigima da hukuma."

Na rubuta "a'a". Sai na sake tambaya, "To an taɓa marinka?"

Ya yi dariya ya ce, "Mari kam an yi, sau ɗaya. Amma ni na jawo, na baro takardun babur a gida."

Da na ci gaba da tono sai ga shi an taɓa zare masa makulli aka bar shi a rana tun hantsi har azahar, an kuma taɓa sa shi tsallen kwaɗo a gaban fasinjarsa. Na ce duk wannan ba ƙarfi ba ne? Ya ce, "Wannan ai horo ne, Yaya. Ƙarfi shi ne a fasa maka kai."

A nan na gane cewa tambayar farko ba ta auna abin da aka yi masa ba, ta auna abin da ya saba da shi ne. Mutumin da ya tashi yana ganin mari a makaranta, mari a gida, mari a tasha, ba zai kira mari da suna mai nauyi ba. Idan aka kawo irin wannan tambaya ƙasar da mutane suka fi sabawa da duka, lambar da za ta fito ƙarama ce, mai karanta rahoto a nesa ya ce lafiya lau ake zaune. Dabarar Amurkawa ta bin ayyuka ɗaya bayan ɗaya ta magance rabin wannan. Sauran rabin kuwa jerin nasu na ƙasarsu ne. Akwai na'urar lantarki a ciki, babu tsallen kwaɗo, babu zama a rana, babu sace iskar taya, babu dorina.

Washegari na gwada kawuna, dattijo mai fatauci tsakanin kasuwannin ƙauye. Shi ba a taɓa ɗora masa hannu ba. Amma ya ba ni labarin ranar da wani yaro mai kaki, sa'an ɗansa na uku, ya sauke shi daga mota a wani shinge, ya ce masa "kai tsoho", ya sa shi ya cire hula, ya zagi mahaifiyarsa a gaban mata da yara. Shekara ta kusa zagayowa amma muryarsa na rawa da yake faɗa. Ya ce, "Ɗana, da ya mare ni da ya fi mini sauƙi." A takardar da nake riƙe da ita, Kawu yana cikin kashi 98 da ba abin da ya same su.

Hausa tana da kalmomi da yawa a nan, kuma kowace da nauyinta: duka, mari, tsawa, horo, cin zarafi, cin mutunci, wulaƙanci, tozarci. Wanda ya fassara takardar wata ƙasa ya zaɓi "ƙarfi" kaɗai, ya rufe ƙofa bakwai ya bar ɗaya a buɗe. Ban ma taɓo mace ba, wadda baƙon namiji zai tambaya a tsakar gida, mijinta ko surukarta na jin su, ko wani ya taɓa jikinta da sunan bincike a shinge. Kowa ya san amsar da za ta bayar.

"Wa ya aiko ka?"

Mu ma nan ana yi mana irin waɗannan tambayoyi. Cibiyar Afrobarometer, wadda aka kafa a 1999 kuma hedkwatarta take Akara ta ƙasar Gana, tana zagaya ƙasashen Afirka tana hira da mutum 1,200 ko 2,400 a kowace ƙasa, fuska da fuska, cikin harshen da mutum ya zaɓa, har da Hausa. A Nijar cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai ce abokiyar aikinta. A zagayenta na tara, wanda ya shafi ƙasashe 39 daga 2021 zuwa 2023, ta saka jerin tambayoyi a kan ƴan sanda. Kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya ce ƴan sandan ƙasarsa sukan yi aiki da ƙwarewa tare da mutunta haƙƙin kowa, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka nemi taimakonsu sun ce sai da suka ba da na goro.

Aiki ne mai daraja, amma ina da ƙorafi biyu a kansa. Na farko, a kan cin hanci an tambayi mutum abin da ya same shi da kansa, a kan ƙarfi kuwa ra'ayinsa aka tambaya: a ganinka sau nawa ƴan sanda suke wuce kima da masu zanga-zanga ko waɗanda ake zargi da laifi? Wannan ji ne, ba gani ba. Wanda bai taɓa fita ƙauyensu ba zai amsa da abin da rediyo ta faɗa masa, ƙanena kuma da ya sha mari zai iya cewa "ba safai ba", tunda bai ɗauki kansa mai laifi ko mai zanga-zanga ba.

Na biyu, wa ake nufi da ɗan sanda? Sama da kashi 80 na mutanen Nijar a karkara suke, kuma wanda baƙauye ya fi haɗuwa da shi jandarma ne, ko gardi, ko ɗan duwan, ko jami'in gandun daji. A ƙetaren iyaka kuma ga ƴan sintiri da ƴan Hisba da sojan da ke kan hanya. Talaka yakan haɗa su duka ya ce "masu kaki" ko "hukuma". Idan tambaya ta ware ɗan sanda kaɗai, za a iya wanke wanda ba shi ake kuka da shi ba, a bar wanda ake kuka da shi ba a ambace shi ba.

Abin da na fi yaba wa takardar Afrobarometer shi ne tambayarta ta ƙarshe. Bayan an gama komai, mai tambaya yakan ce wa mutum: a ganinka wa ya aiko mu? Jama'a da dama sukan ce gwamnati, duk da an faɗa musu tun farko cewa ba ita ba ce. Ban san wata tambaya da ta fi wannan gaskiya ba, domin marubucin takardar ne yake auna shakkar da ake yi masa. Kuma shakkar tana da tushe. Kakanninmu sun san mai zuwa da takarda yana rubuta sunaye, sun san bayansa haraji ne da jangali da aikin tilas, da gardi ko dogari a tsaye da bulala. Wannan tunanin bai mutu ba.

Shi ya sa nake taka-tsantsan da wani sakamako da yakan yi mana daɗin ji. A binciken Afrobarometer, Nijar takan fito cikin ƙasashen da jama'a suka fi cewa sun amince da ƴan sandansu, Najeriya kuma cikin na ƙarshe. Mai yiwuwa bambancin na gaske ne, kuma duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Katsina yana da abin faɗa a kai. Amma mai yiwuwa kuma wani ɓangarensa bambancin sakin baki ne: inda aka saba zagin hukuma a rediyo da jarida, mutum ba ya jin nauyin faɗa wa baƙo abin da ke ransa. Lamba ita kaɗai ba za ta raba mana waɗannan biyun ba.

Wasu hanyoyin da aka gwada

A Faransa an bi wata hanya da ba ta bukatar bakin kowa. Tsakanin 2007 da 2008 masu bincike ƙarƙashin Fabien Jobard da René Lévy suka tsaya a tashoshin jirgin ƙasa na Gare du Nord da Châtelet a birnin Paris, suna ƙirga masu wucewa, suna kuma ƙirga waɗanda ƴan sanda suke tarewa don duba takardu. Sun shaida tarewa sama da 500. Rahoton da ya fito a 2009 ya nuna baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar a tare shi kusan sau shida, Balarabe kusan sau takwas. A nan babu kunya, babu tsoro, babu rikicin fassara. Sai dai ido a tasha yake tsayawa, ba ya bin mutum cikin mota ko bayan kanta.

A Najeriya kuma, bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020, jihohi da yawa sun kafa kwamitocin shari'a inda mutane suka zo da bakinsu, wasu a kan keken guragu, wasu da hotunan ƴaƴansu. Kwamitin Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi, ya miƙa rahotonsa a Nuwamba 2021. Irin wannan zama yana fito da zurfin ciwo yadda takardar "i ko a'a" ba za ta iya ba, amma ba ya faɗin yawansa, tunda mai ƙarfin hali da kuɗin mota ne kawai yake zuwa. Kowace hanya tana gani da ido ɗaya, sai an haɗa su.

Kammalawa

Hukuncina a kan binciken Amurka shi ne aiki ne na gaskiya wanda ake yi wa karatun ƙarya. Ya amsa tambayar da ya yi, wato me ya samu mutanen da ke zaune a gidajensu, masu shekara 16 zuwa sama, da suka yarda su yi magana. Ana kuma ɗaukar amsar a liƙa wa tambayar da bai yi ba, wato yaya girman zaluncin ƴan sanda yake. Tsakanin tambayoyin nan biyu ne George Floyd da Tamir Rice suka faɗa.

Idan wata rana aka tashi yin irinsa a ƙasashenmu, kuma ya kamata a yi, ina da roƙo. A rubuta tambayoyin da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunanmu tun daga tushe, kada a rubuta da Faransanci ko Ingilishi sannan a nemi mai fassara. A tambayi aiki da sunansa: mari, dorina, tsallen kwaɗo, zagi, ƙwace makulli. A ce "mai kaki", sannan a tambayi wane iri. Mace ta tambayi mace, a keɓe. A je tasha da gidan kaso da asibiti, kada a tsaya a zaure. A bar fili a ƙarshen takarda inda mutum zai ba da labarinsa da kalmominsa. Kuma a rubuta waɗanda ba a tambaya ba a shafin farko, kusa da lambar.

Mu marubuta ma ba mu fita ba. A yawancin labaranmu ɗan sanda ko dai jarumi ne kyakkyawa mai neman auren tauraruwa, ko abin dariya mai karɓar na goro. Da wuya ka ga an zauna an rubuta minti goma na shinge yadda suke: yadda direba yake rage murya, yadda fasinjoji suke sunkuyar da kai, yadda shi kansa mai kakin ya wuni a rana da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Wannan fili ne da ƙididdiga ba ta shiga, kuma namu ne.

Takardar da na yi gwajin da ita tana nan a cikin littafina. Layin farko "a'a", layi na biyu "mari ɗaya", duka daga bakin mutum ɗaya a cikin minti biyu. Da ƙanena ya leƙa ya gani sai ya ce, "Yaya, to wanne za ka kai musu?" Na ce masa ba kowa ya aiko ni ba. Ya dube ni ya yi murmushi, kuma na ga alamar bai gama yarda ba.